Sa'ad da Al'ada Ta Ɗauke: Maganin Homon da Hakkin Ikilisiya a Kan Matanta



Duk wanda ya san ƙananan ikilisiyoyinmu ya san waɗanda suke ɗauke da su. Masu sharar majami'a ran Asabar, masu girkin taron gunduma, masu ziyarar marasa lafiya, masu riƙe da Zumuntar Mata, yawancinsu mata ne 'yan shekara 45 zuwa 60. A daidai waɗannan shekaru ne jikin mace yake shiga babban canji, wato ɗaukewar al'ada. Kunya ta rufe wannan magana, har mace takan yi shekaru tana shan wahala ba tare da ta san sunan abin da ke damunta ba, balle ta san cewa akwai magani.

Maganin da muke nufi shi ne wanda likitoci suke mayar wa mace da sinadarin homon da jikinta ya rage yi. Ra'ayinmu a kansa shi ne: shan sa ba zunubi ba ne, kuma ga macen da ya dace da ita, a lokacin da ya dace, a hannun likitan da ya san aikinsa, amfaninsa ya fi hatsarinsa. Amma yana da hatsari na gaske, bai kuma dace da kowace mace ba. Za mu kawo dalilanmu ɗaya bayan ɗaya, domin kowa ya auna da kansa.

Abin da ke faruwa a jiki

Allah ya sa wa mace ma'ajiyar ƙwai guda biyu a gefen mahaifa. Ban da ƙwai, su ne suke fitar da sinadarai biyu, istirojin da furojestaron, waɗanda suke tafiyar da al'ada wata-wata. Yayin da shekaru suka ja, ƙwai sukan ƙare, sinadaran kuma su ragu ƙwarai. In mace ta yi wata 12 cur ba ta ga al'ada ba, ba kuwa ciki ko wani ciwo ne ya jawo ba, likitoci sukan ce al'ada ta ɗauke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga yawancin mata wannan yana faruwa tsakanin shekara 45 da 55.

Aikin istirojin bai tsaya a mahaifa ba. Yana taɓa ƙashi, da fata, da hanyar fitsari, da wurin nan a ƙwaƙwalwa da ke daidaita zafin jiki. Shi ya sa in ya ragu, mace takan ji zafi ya taso mata farat ɗaya daga ƙirji zuwa wuya da fuska, gumi ya karyo mata, zuciya ta yi ta bugawa, bayan 'yan mintoci ya lafa. Da dare takan farka ta tarar zanenta ya jiƙe sharkaf, ko da a tsakiyar hunturu ne. Barci ya gagara, mantuwa ta yi yawa, abu kaɗan ya ɓata mata rai. Gaba yakan bushe, har saduwa da miji ta zama azaba. Ƙashi kuma yana raguwa a ɓoye, ba zafi ba alama, sai ranar da ƙaramar faɗuwa ta karya kwatangwalo.

Wasu mata sukan wuce wannan lokaci da sauƙi, mun gode wa Allah dominsu. Amma wajen uku cikin huɗu sukan sha zafin nan mai tasowa. Wani bincike a Amurka da aka buga a 2015 ya nuna cewa ga masu fama da shi sosai, yakan ɗauki shekara 7 da 'yan watanni a matsakaici, ga baƙaƙen mata kuwa wajen shekara 10. Wanda ya ce wa irin wannan mace ta yi haƙuri, abin zai wuce nan da 'yan kwanaki, bai san abin da yake faɗa ba.

Sunayen da ake ba shi a cikinmu

Rashin sani ya fi dare duhu. Mace ta ji zafi da gumi, sai ta ce zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot, ta yi ta sayen magani a kemis wata da watanni ba sauƙi. Wata ta ce jifa aka yi mata, ta shiga zargin facala ko maƙwabciya. Wata a kai ta gidan addu'a a ce aljani ne, a sa ta azumin kwana bakwai, jikin da dama bai sami barci ba ya ƙara galabaita. Mafi muni, akwai inda tsohuwa mai fita waje da dare neman iska, mai yawan mantuwa da saurin fushi, takan wayi gari an laƙaba mata maita. A gida kuma miji yakan ɗauka matarsa ta daina sonsa ne, sai zuciyarsa ta fara leƙen waje, auren shekara talatin ya kama girgiza.

Mun gaskata da ikon addu'a, mun kuma san akwai yaƙin ruhaniya. Amma kiran abin da Allah ya shirya a jikin mace da sunan aljani ɓata sunan halittarsa ne, zalunci ne kuma ga 'yar'uwa. Littafi Mai Tsarki bai ji kunyar wannan magana ba. Farawa 18:11 ta faɗi a fili cewa Saratu ta riga ta wuce lokacin al'adar mata, a wannan hali ne kuma Allah ya cika alkawarinsa ta wurinta. Alisabatu ta tsufa kafin ta haifi Yahaya Mai Baftisma. Annabiya Hannatu, a Luka sura 2, tsohuwa ce tukuf sa'ad da ta shaida jariri Yesu a Haikali. A wurin Allah, darajar mace ba ta ƙarewa ranar da haihuwa ta ƙare.

Ko shan maganin saɓa wa nufin Allah ne?

Wasu 'yan'uwa masu tsoron Allah sukan ce, tun da Ubangiji ne ya tsara al'ada ta ɗauke, mayar da abin da ya ɗauke ja-in-ja ne da shi. Tambaya ce mai kyau, ta cancanci amsa. Raguwar gani a tsufa ma tsarin jiki ne, amma ba mu taɓa jin an hana dattijo sa tabarau domin ya karanta Littafinsa ba. Mai ciwon suga da jikinsa ya gaza yin insulin yana karɓarsa ta allura, insulin kuwa homon ne shi ma, ba wanda ya ce ya yi tawaye. Sa'ad da Allah ya yi niyyar warkar da sarki Hezekiya, annabi Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun (2 Sarakuna 20:7). Bulus ya shawarci Timoti a kan abin da zai sha saboda ciwon cikinsa (1 Timoti 5:23), ya kuma ambaci Luka da sana'arsa ta likita cikin ƙauna (Kolosiyawa 4:14).

An taɓa yin irin wannan muhawara. A 1847 wani likita a birnin Edinbara, James Young Simpson, ya fara amfani da kulorofom domin rage wa mata zafin naƙuda. Akwai waɗanda suka ga kamar hakan ya ci karo da Farawa 3:16. A 1853 Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta karɓi maganin a haihuwar ɗanta Leopold, daga nan ƙyamar abin ta yi ta raguwa. Yau da wuya a sami ikilisiyar da take koyar da cewa rage zafin naƙuda zunubi ne. Ayar da ta yi maganar wahalar mace a haihuwa, kusa da ita ne aka yi maganar ƙaya da gumin namiji a gona, amma ba manomin da ya ƙi garmar shanu ko taki don kada ya saɓa wa Nassi.

Sai dai mu lura da abu biyu. Wannan magani ba ya mayar da tsohuwa yarinya, ba ya kuma dawo da haihuwa. Ba maganin tsarin iyali ba ne kuma: macen da al'adarta take zuwa tana tsallakewa tana iya ɗaukar ciki ko tana shan sa. Aikinsa rage wahala ne da kare ƙashi. Wadda take nemansa don gudun tsufa, tana neman abin da ba ya cikinsa.

Inda tsoron ya samo asali

Tarihin maganin ya yi hawa da sauka. A 1942 aka amince da wani maganin istirojin mai suna Premarin a Amurka, wanda ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki. Shekaru da yawa ana tallarsa kamar ruwan rai. A 1975 bincike ya nuna cewa istirojin shi kaɗai yana kauraro bangon mahaifa, yana kuma ƙara hatsarin ciwon dajin mahaifa. Daga nan aka koyi darasin da yake nan har yau: macen da mahaifarta take nan, dole a haɗa mata da furojestaron ko danginsa domin kare mahaifar. Wadda aka cire wa mahaifa ce kaɗai ake ba istirojin zalla.

Babbar girgizar ta zo a watan Yuli 2002. Gwamnatin Amurka tana gudanar da wani babban bincike a kan lafiyar mata, wanda aka sani da WHI. A wani sashensa akwai mata 16,608, rabi suna shan haɗin sinadaran biyu, rabi suna shan ƙwayar da ba magani a ciki. Bayan shekara 5 da 'yan watanni aka tsayar da wannan sashe kafin wa'adinsa, aka sanar cewa hatsarin ciwon dajin nono ya ƙaru da kashi 26 cikin 100. Labarin ya game duniya, miliyoyin mata suka zubar da magungunansu, likitoci da yawa suka daina rubuta shi. A 2003 wani bincike a Ingila da ya ƙunshi mata kusan miliyan ɗaya ya ƙara nuna alaƙar maganin da ciwon dajin nono, tsoro ya ƙara kafuwa.

Amma mu duba lissafin da kyau. Cikin mata 10,000 da ba su sha maganin ba, 30 ne suka kamu da ciwon dajin nono a shekara. Cikin 10,000 da suka sha, 38 ne. Ƙarin mata 8 ke nan, shi ne kashi 26 ɗin da aka yi ta yayatawa. Ciwon zuciya ya ƙaru da 7, shanyewar ɓarin jiki da 8, daskarewar jini a jijiya da 18. A ɗaya gefen kuma, karayar kwatangwalo ta ragu da 5, ciwon dajin hanji ya ragu da 6. Mata 8 ba abin rainawa ba ne, gama kowace ɗaya uwar wani ce. Duk da haka, wanda ya ji “kashi 26” da wanda ya ji “8 cikin 10,000” ba za su tsorata iri ɗaya ba, alhali magana ɗaya aka gaya masu.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Matan da ke cikin binciken 'yan shekara 50 zuwa 79 ne, matsakaicin shekarunsu kuwa 63. Yawancinsu sun daɗe da wuce ɗaukewar al'ada. Ashe an gwada maganin a kan tsofaffi, aka ɗauki sakamakon aka tsorata 'yan shekara 50 da shi. Da aka koma aka rarraba matan bisa ga shekarunsu, sai aka ga hatsarin ya fi ƙanƙanta sosai ga waɗanda suka fara da wuri. Ɗaya sashen binciken, na mata 10,739 da aka cire wa mahaifa masu shan istirojin zalla, an tsayar da shi a 2004 saboda shanyewar ɓarin jiki, amma a cikinsu ciwon dajin nono bai ƙaru ba, bibiyar da aka yi daga baya ma ta nuna raguwa ya yi. A 2017, bayan an bi dukan matan har shekara 18, aka ga yawan mutuwa bai bambanta ba tsakanin waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba.

Inda masana suka tsaya

Ƙungiyar likitocin da suka ƙware a wannan fanni a Arewacin Amurka ta bayyana a 2017, ta kuma sake tabbatarwa a 2022, cewa ga mace mai lafiya da ba ta kai shekara 60 ba, ko wadda ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, in alamun suna damunta, amfanin maganin ya rinjayi hatsarinsa. Hukumar NICE ta Ingila, a jagororinta na 2015 da ta sabunta a 2024, ta ce a gabatar wa irin wannan mace maganin, a kuma bayyana mata ribarsa da hatsarinsa. A watan Nuwamba 2025 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar cewa za a cire yawancin babban gargaɗin da aka manna wa waɗannan magunguna bayan binciken 2002, amma an bar gargaɗin ciwon dajin mahaifa a kan istirojin zalla mai shiga dukan jiki.

Amfanin da aka tabbatar shi ne wannan. Babu wani magani da ya kai shi kwantar da zafi mai tasowa da gumin dare, yakan rage yawansu da wajen kashi uku cikin huɗu. In gumi ya lafa, barci yakan dawo, in barci ya dawo kuwa, natsuwa takan biyo baya. Yana gyara bushewar gaba. Yana kare ƙashi daga karaya muddin ana amfani da shi. Ga macen da al'adarta ta ɗauke kafin shekara 40, ko wadda aka cire wa ma'ajiyar ƙwai a tiyata tana da sauran ƙuruciya, likitoci suna ba da shawara ta karɓe shi har ta kai shekarun da al'ada ta saba ɗaukewa, in babu abin da ya hana, domin rasa istirojin da wuri yana cutar ƙashi da zuciya.

Hatsarin kuma yana nan. Haɗin sinadaran biyu yana ƙara hatsarin ciwon dajin nono, ƙarin kuwa yana girma da yawan shekarun da aka yi ana sha. Wani babban nazari da aka buga a mujallar Lancet a 2019 ya ƙiyasta cewa in mata 50 suka fara shan haɗin kowace rana tun suna shekara 50, suka yi shekara 5 a kai, za a sami ƙarin mace ɗaya da za ta kamu cikin shekara 20 masu zuwa. Ƙwayar da ake haɗiya tana ƙara hatsarin daskarewar jini. Wanda ake mannawa a fata kamar filasta, ko man da ake shafawa, bai nuna wannan hatsari kamar ƙwaya ba, domin ba ya fara bi ta hanta. Ɗan ƙaramin awo da ake sakawa a gaba saboda bushewa kaɗai, kaɗan ne ƙwarai yake shiga jini. Masana ba su yarda a ba mace wannan magani don rigakafin ciwon zuciya ko ruɗewar tsufa kawai ba.

Akwai matan da bai kamata su fara shi ba, sai dai in ƙwararren likita ne ya ga wani dalili na musamman: wadda ta taɓa ciwon dajin nono ko na mahaifa, wadda jini ya taɓa daskare mata a ƙafa ko huhu, wadda ta taɓa shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya, mai ciwon hanta da yake ci, da wadda take zubar da jinin da ba a san dalilinsa ba. Mai hawan jini kuma sai an fara daidaita jininta.

Abin da ya sa mu sai mun ƙara lura

Mai hankali zai ce, duk waɗannan bincike a Amurka da Turai aka yi su, inda mace take samun gwajin nono a kai a kai. Gaskiya ne, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan yin gaggawa. A Nijeriya ciwon dajin nono ne ya fi kowane ciwon daji kama mata, da yawa kuma ba sa isa asibiti sai ya yi nisa. Ciwon hanta ya yi yawa a yankinmu, masu hawan jini da yawa ba su san suna da shi ba. Na'urar hoton nono sai a manyan birane. Maganin kansa yana da tsada, ba kowane kanti yake da shi ba, jabun magunguna kuma suna yawo a kasuwa.

Mun yarda da wannan duka. Amma abin da yake koya mana shi ne a bi ta ƙofar da ta dace, wato likitan mata. Akwai su a asibitocin koyarwa na Jos, da Shika a Zariya, da na Malam Aminu Kano, da Maiduguri, da Asibitin Jankwano a Jos, da manyan asibitocin jihohi. Likita zai tambayi tarihin mace da na danginta, ya auna jini, ya duba nono da mahaifa, ya zaɓi irin da ya dace da awon da ya ishe ta, ya kuma sa ta riƙa dawowa a duba ta, da fari bayan wata 3, daga nan sau ɗaya a shekara. Hanyar da muke tsoro ita ce ta kemis da ta maƙwabciya, inda mace za ta karɓi ragowar ƙwayoyin ƙawarta domin sun yi wa ƙawar aiki. Haka nan haɗe-haɗen da ake tallatawa a mota da waya da sunan gyaran mace, waɗanda ba a san abin da ke cikinsu ba. A duba lambar hukumar NAFDAC a jikin kowane magani, amma lambar ba ta maye gurbin likita.

Ga gargaɗi guda da muke roƙo kowace uwa ta riƙe, ko tana shan magani ko ba ta sha. In al'ada ta ɗauke shekara guda, sa'an nan jini ya sake fitowa, ko ɗigo ne, kada a ce ƙuruciya ce ta dawo, kada kuma a ce mu'ujiza ce a zauna a gida. A tafi asibiti a wannan mako. Sau da yawa dalilin ƙarami ne, amma yana iya zama alamar farko ta ciwon dajin mahaifa ko na bakin mahaifa, wanda in an kama shi da wuri ana warkewa. Haka ma ƙullutu a nono. Matar nan ta Markus sura 5 ta yi shekara 12 tana zubar da jini, Ubangiji bai kore ta ba, ya kira ta 'yarsa a gaban jama'a. Ba abin kunya a faɗin irin wannan ciwo.

Wadda maganin bai dace da ita ba, ko ba ta so, ko ba ta da halinsa, ba a bar ta hannu wofi ba. Akwai wasu magunguna marasa homon da likita zai iya rubutawa domin rage zafin. Tufafin auduga marasa nauyi, ruwan sanyi kusa da gado, da rage barkono da shayi mai zafi in su ne suke tayar mata da shi, sukan taimaka wa wasu. Tafiya a ƙafa kowace rana, da nono, da ƙananan kifin da ake ci da ƙashinsu, da ganyaye irin su zogale, suna taimakon ƙashi. Taba da giya kuwa suna ƙara lalata al'amarin.

Hakkin da ke kanmu

Ga mazaje: Manzo Bitrus ya umarce ku ku zauna da matanku da fahimta, ya kuma haɗa wannan da karɓuwar addu'o'inku (1 Bitrus 3:7). Fahimta tana farawa da sani. In Mama ta ture bargo da tsakar dare, ko ta nemi a ɗaga mata ƙafa wajen kwanciya domin tana jin zafi, jikinta ne yake canzawa, ƙaunarta tana nan. Ku raka ta asibiti, ku zauna ku ji bayanin likita tare, ku biya kuɗin da farin ciki. Macen da ta haifa maku 'ya'ya, ta yi noma tare da ku, ba a wannan lokaci ne za a juya mata baya ba. Shawarar sha ko ƙin sha kuma tata ce da likitanta, ku taimake ta, kada ku tilasta mata ta kowane gefe.

Ga Zumuntar Mata: Titus sura 2 ta ɗora wa manyan mata aikin koyar da na bayansu. Kusan kowace gunduma tana da nas, ko ungozoma, ko likita a cikin membobinta. A taron mata na shekara, a ware sa'a biyu a ba su fili, maza su fita, a yi tambaya ba kunya, a auna hawan jini, a koya wa mata yadda za su duba nononsu. Ranar 18 ga Oktoba ce aka keɓe a duniya domin wayar da kai a kan ɗaukewar al'ada, ana iya amfani da makon. Asusun taimakon da ake tarawa domin biki da rasuwa, a buɗe masa ƙofa ya biya wa gwauruwa kuɗin mota da na kati zuwa wurin likitan mata.

Ga fastoci da masu bishara da dattawan ikilisiya: in 'yar'uwa mai shekara 48 ta zo da kukan rashin barci, faɗuwar gaba da baƙin cikin da ba ta san mafarinsa ba, mu yi addu'a da ita da dukan zuciya, sa'an nan mu tura ta asibiti, matar fasto ta raka ta in da hali. In ma'aurata masu irin waɗannan shekaru suka kawo ƙara, a tuna da wannan kafin a yanke wa matar hukuncin rashin biyayya. Duk wanda kuma ya jefi tsohuwa da kalmar maita, ikilisiya ta tsawata masa a fili. Mu ba likitoci ba ne, kada mu hau bagade mu ce kowa ta sha, ko kowa ta bari. Aikinmu mu kawar da tsoron ƙarya da kunyar banza, mu nuna hanyar wurin masu sani.

Mu 'yan kaɗan ne a wurare da yawa, ƙaramin garke kuwa ba ya iya asarar ko tunkiya ɗaya saboda abin da yake da magani. Macen da al'adarta ta ɗauke tana da shekara 50 tana iya samun shekara 20 ko 30 a gaba, shekarun da hikimarta ta nuna, 'ya'ya sun girma, hannunta ya sami sarari domin aikin Ubangiji. Muna so iyayenmu mata su shiga waɗannan shekaru da barci a idonsu, da ƙarfi a ƙashinsu, da salama a gidajensu. Wadda za ta sha maganin ta sha da godiya, wadda ba za ta sha ba ta bari da sani, kada ɗaya ta hukunta ɗaya.

Ubangiji wanda ya siffata mu tun daga ciki, wanda yake riƙe da mu har furfura, ya ba likitocinmu hikima, ya ba iyayenmu mata lafiya, ya tsare ikilisiyarsa. Amin.